Lissafin Masana da Buhun Waken Tasawa

'Yan'uwa talakawa, ku saurara!

A 1962 wani masani mutumin Holan, Jan Tinbergen, ya fito da lissafin ciniki tsakanin ƙasashe. Ya ce abu biyu ke jan kaya: yawan arzikin ƙasa da kusancinta. Mai arziki ta fi ja, nisa kuwa yana rage ciniki. Har yau ana koyar da wannan awo a manyan makarantu. To, madalla. Amma wane mai jaki ne a Tasawa ko Mayahi bai gaji wannan sani daga kakansa ba? Kano na kusa, Kano na da kuɗi, jirgin ƙasa ya iso ta tun 1911. Ina gyaɗarmu za ta nufa in ba can ba?

Nasara ya san haka sarai. Shi ya sa a 1953 ya ƙago dabarar da ya kira Hirondelle, wai tsattsewa: a ɗora gyaɗar ƙasar Maraɗi bisa manyan motoci har Faraku, a zuba ta jirgin ƙasa zuwa Kwatano, tafiyar da ta fi kilomita 1,000, don kada ta bi ta ƙasar Ingilishi. Hanyar ta fi tsada, sai aka riƙa cike giɓi da kuɗin tallafi. Ba daga aljihun gwamna suka fito ba dai! Wanda ya bi hanyar kakansa kuwa aka sa masa suna ɗan fasa-ƙwauri.

Ga inda muke ja da masana. Alƙaluman da suke zubawa cikin lissafinsu daga littafin duwan suke kwaso su. Abin da duwan bai rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba. Wakenmu da ragunanmu da shanunmu da ke shiga Mai'aduwa da Jibiya, har Dawanau, nawa ne ke bi ta gaban teburin duwan? Shekara da shekaru takarda na nuna yuraniyom ɗin Arlit ƙato, manomin Mayahi kuwa kamar ba ya sayar da komai.

Da wannan makahon lissafi ake yanke mana hukunci. An rufe iyaka a Agusta 2019 har Disamba 2020. An sake rufewa a 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Wa ya auna asarar mai buhu biyar?

Muna kira ga ma'aikatan ƙididdiga na Yamai da Abuja: ku bar ofis, ku zo Tasawa da Mayahi ranar kasuwa da alƙalaminku, ku ƙirga buhu da kan dabba. Za mu ba ku tabarma.