Zaiba ba ta neman biza

Kogin Kwara yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shafi gefen Benin, sannan ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi. Duk abin da aka zuba masa a sama, na ƙasa ne zai sha. Masu haƙar zinariya a yankin Sigiri na Gini da kudancin Mali kan cakuɗa rairayi da zaiba don ta kama zinariyar, su ƙona curin a wuta, ragowar kuma ta bi ruwa. Cikin laka sai ƙwayoyin cuta su mayar da ita guba mafi muni, wadda ke taruwa a naman kifi. Kifin nan shi ake kyafawa a kai kasuwa. Irin wannan guba ce ta taru a kifin Minamata ta Japan, inda aka gano cutar da take haifarwa a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka rattaba wa hannu a 2013, ta fara aiki a 2017. Takarda dai akwai ta. Akwai ma Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, mai ƙasashe 9 da hedikwata a Yamai. Amma a ganina hankalin hukumar ya fi karkata ga madatsun ruwa da rabon ruwan noma. Kamata ya yi ƙasashen su riƙa auna zaiba da dalma a ruwa da kifi, da ma'auni iri ɗaya, su buga sakamakon a fili, har masuncin Yawuri ya san abin da ke cikin komarsa.