Masu Akori-Kura, A Yi Wa Tayoyi Musanya Kafin Kakar Citta

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Kudancin Kaduna, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sai aikin akori-kura ya tashi haiƙan. Citta ce ake haƙa a gonakin Kwoi da Kachia da Zonkwa da ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, ga masara, ga doya, kuma babbar mota ba ta iya shiga yawancin hanyoyin da ke kaiwa gonakin nan. Ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya ita ce ke fito da buhuna bakin kwalta. A da Peugeot 404 da 504 ne ke wannan ɗawainiya, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Yanzu kuwa Toyota Hilux da 'yan uwanta sun karɓi yawancin aikin. Motar ta sake, amma yadda jama'a ke riƙon taya bai sake ba, watau a ɗaura ta wuri guda, a bar ta nan har sai ta suɗe ko ta fashe.

Ya kamata mai karatu ya san cewa tayoyin akori-kura huɗu ba aiki ɗaya suke yi ba. Na gaba su ke bin sitiyari, su ke shan kwana, su ne kuma suka fi ɗaukar nauyin birki, saboda haka gefunansu ke fara cinyewa. Na baya su ne injin ke turawa, kuma a kansu kaya ke zama. In mota ta tafi gona ba kaya, bayanta ba nauyi, tayoyin baya sai su riƙa tsalle suna kartar ƙasa a kan gargada. In ta dawo da lodi kuwa sai su danne, su ɗauki zafi. Har ila yau akwai bambanci tsakanin dama da hagu. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, tayoyin dama ne ke bin gefen titi, inda kwalta ta zaizaye, inda ramuka da tsakuwa suka fi yawa, kuma duk direban da ya taɓa kauce wa tirela a hanyar Kafanchan zuwa Kachia ya san wace taya ce ke sauka daga kwalta.

Maganin wannan shi ne musanya, watau a riƙa sauya wa tayoyi mazauni domin su cinye tare. Masu ƙera taya sun ba da shawarar a yi haka duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. To, da yake agogon lissafin tafiya na yawancin motocinmu ya daɗe da mutuwa, sai mai mota ya haɗa abin da juyen baƙin mai: juye ɗaya a bari, na biyu a yi musanya. Wanda ke aikin gona kuwa ya yi sau ɗaya kafin kaka, sau ɗaya kafin damina.

Ga yadda ake yi wa motar da ke ja da ƙafafun baya, ko mai ja da ƙafa huɗu. Tayoyin baya su zo gaba kai tsaye, ta hagu a hagu, ta dama a dama. Na gaba kuma su koma baya a giciye: ta gaban dama ta koma bayan hagu, ta gaban hagu ta koma bayan dama. In safaya irin sauran ce, girma ɗaya, to a sa ta cikin zagayen. Ita sai ta hau bayan dama, ta gaban hagu kuma ta koma ƙarƙashin bodi ta huta. Mutane da yawa suna barin safaya shekara da shekaru tana rataye, rana da ƙura suna busar da ita, ran da aka bukace ta sai a tarar duk ta tsattsage.

Wasu tsofaffin bakanikai har gobe suna cewa ba a giciya taya. Wannan magana ta samo asali ne daga tayoyin waya na farko-farko, kuma ba ta shafi yawancin tayoyin yanzu ba. Amma akwai nau'i biyu da ake kiyayewa. Wadda aka zana wa kibiya a gefe tana da fuska ɗaya da take juyawa, saboda haka gaba da baya kaɗai ake musanya ta, a gefe guda. Akwai kuma wadda aka rubuta wa ɓangaren ciki da na waje, ita ma tilas a ɗaura ta kan wili yadda aka nuna. Kada wani ya ɗauki wannan ƙaramin abu ne. Ran 6 ga Maris 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu da taka birki da ƙarfi, ya kuma ce tayoyin ba su wuce wa'adinsu ba, amma ba a ɗaura su daidai ba.

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da ta zama ruwan dare a tashoshinmu. In direba ya sami kuɗin sababbin tayoyi biyu, gaba yake sa su, ya tura suɗaɗɗun baya, yana cewa ai sitiyari a gaba yake. A ganina wannan lissafi bai dace da akori-kura ba ko kaɗan. In tayar gaba ta sami matsala direba na jin abin a hannunsa, yana da damar riƙe mota. In ta baya ce ta fashe, ko ta zame a kan jiƙaƙƙen titi, bayan motar ne ke wulwulawa, ga lodi a kai, sau da yawa har da mutane zaune bisa buhuna. Shi ya sa kamfanonin taya ke cewa sababbi su tafi baya. Wanda ke yin musanya a kan kari ma ba ya shiga wannan tsaka mai wuya, domin tayoyinsa tare suke tsufa.

Wani amfanin musanya shi ne, ranar ce kaɗai mai mota ke ganin tayarsa a ƙasa, ya dube ta ciki da waje. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In gefuna biyu ne, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. In gefe guda ne kawai, ƙafar motar ce ta karkace, kuma musanya ba za ta gyara wannan ba sai an kai ta an saita. A cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tudu da aka yi don gwaji. In zanen ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. A gefenta kuma akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. In an ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, ta sha gargaɗin direbobi cewa shekara huɗu ce wa'adin taya. A duba kuma ko akwai harafin C ko LT a jikin lambar girmanta, domin tayar ƙaramar motar shiga ba a yi ta don ɗaukar buhunan citta ba, ko da ta hau wilin.

Dalilin da ya sa muka dage kan wannan magana shi ne kuɗi. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal cikin 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja cikin 2008. Daga nan kasuwa ta koma dogaro da tayoyin waje, farashinsu yana bin dala, gwanjo kuma ya cika ko'ina. Manomin da cutar citta ta 2023 ta cinye wa gona, da direban da ke jiran lodinsa, ba su da rarar sayen taya kafin lokacinta. Ladan mai faci na kwance tayoyi huɗu da mayar da su bai kai ko kusa da kuɗin taya guda ba.

Sai dai a tsaya a kan aikin, kada a bar wa yaron mota shi kaɗai. A sami wuri mai tauri, a sa waigi, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A ɗaure notuna a giciye, ɗaya da na daura da shi, a sake bin su da sifana bayan tafiyar kamar kilomita 50 zuwa 100. Daga ƙarshe a gyara iska, domin awon gaba da na baya ba ɗaya ba ne a motar ɗaukar kaya. Awon yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, na mota ba kaya da na mota da lodi, kuma da safe ake aunawa kafin tayar ta ɗauki zafi.