Rigar Kanti ko Ɗinkin Tela?

Ɗan kasuwar da ya ƙudurta buɗe shafin intanet yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ɗauki shiryayyen tsari, irin waɗanda ake samu a manhajar WordPress da aka ƙirƙiro a 2003, ko kuwa ya biya ƙwararre ya tsara masa nasa. Na farkon tamkar rigar kanti yake: ga araha ga sauri, sai dai dubban mutane na sanye da irinta. Na biyun kuwa ɗinkin tela ne, daidai jiki, amma da tsada da jira, kuma duk gyaran da ya taso sai an koma wa telan.

A ganina, ya kamata ƙaramin ɗan kasuwa ya fara da shiryayyen tsari, domin daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin ƙawata shafi gara a zuba su a haja. Sai dai ya gwada shafin a wayar salula, ya kuma tabbatar haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai, kada "ƙasa" ta koma "kasa". Idan ciniki ya bunƙasa har rigar ta matse shi, to lokacin neman tela ya yi.