A Ƙirga Fasinja Kafin a Shimfiɗa Dogo

Tun da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, maganar jirgin ƙasa ta zama abin hira a faɗin jihar Maraɗi. Layin mai tsawon kilomita 284 zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2. Ba laifi ba ne mutumin Dakoro ko Birnin Lalle ya tambaya: in dogo ya iso Maraɗi, me zai hana a miƙo mana shi arewa, ko da ƙaramin jirgi ne irin na cikin gari?

Amsar wannan jarida ita ce a'a, ba yanzu ba. Kuma ba don raini ba. Birnin Lalle tsohuwar cibiyar Gobirawa ce, ta girmi garuruwa da dama da ake ji da su yau. Sai dai jirgi ba da tarihi yake tafiya ba.

Ƙaramin jirgin ƙasa fasinjan kullum ne ke riƙe shi. Yana son dubban mutane da ke bin hanya ɗaya da safe, su komo ta ita da yamma, yau da gobe, rani da damina. Yana son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da kayan gyara da ake saye da kuɗin waje. Tafiyar da ake yi tsakanin Dakoro da Maraɗi, mai nisan fiye da kilomita 100, ba irin wannan ba ce. Tafiya ce ta ranar kasuwa da ta kaka. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwa ya san fasalin lodin: shanu a cikin babbar mota, buhunan gero da wake, tumaki a ɗaure, yara masu kula da dabbobi zaune a kan ƙarfen bodi. Kashegari hanya ta yi tsit. Batun wuta kuwa, ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulki, garuruwa suka kwana cikin duhu.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016, aka yi kiɗa, aka yi jawabi. Bayan biki jirgin bai shiga jigilar jama'a ba. Aka bar ƙarfen kwance, rairayi na binne shi, awaki na ƙetarawa. An shimfiɗa shi bai haɗu da dogon Parakou na ƙasar Benin ba, wanda shi ne zai kawo masa kaya daga tashar ruwan Kwatano.

Abuja ma ta ɗanɗana nata. An buɗe jirginta na cikin gari a watan Yulin 2018 bayan kashe fiye da dala miliyan 800, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai watan Mayun 2024. Layin ya nufi filin jirgin sama da Idu da Kubwa, ya bar hanyar Nyanya da Mararraba, inda ma'aikata ke shan baƙar wahala kowace safiya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

In akwai garin da maganar ta dace da shi a ƙasar Hausa, Kano ce. Duk wanda ya biyo hanyar Katsina da safe, daga Dawanau ta Kurna zuwa cikin gari, ya san abin da ake kira cunkoso. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ta gaje titi, tana goga kafaɗa da tirela da masu tura baro. Nan kam akwai fasinja, ba sai an nemo shi ba. Amma ita ma gwamnatin Kano ta sa hannu da wani kamfanin ƙasar Sin tun 2016 kan aikin dala biliyan 1.85, aka yi ta jayayya kan bashin, har yau ba wanda ya hau. Kuma tambayoyin suna nan ba a amsa su a bainar jama'a ba. Nawa ne kuɗin tikiti, in an gwada shi da na adaidaita? Wa zai cike giɓin in kuɗin tikiti bai biya albashi da gyara ba, tun da ba kasafai yake biya ba ko a manyan biranen duniya? Ina za a kai dubban matasan da ke ci da iyalansu da tuƙi? Legas sai da ta fara ware wa manyan motocin bas hanyarsu a 2008, sannan jirginta na Marina zuwa Mile 2 ya soma aiki a 2023, bayan shekara 14 ana gini. Kano tana iya fara wannan mataki na bas mai araha gobe.

Rabon Birnin Lalle a harkar dogo yana tashar Maraɗi. Muna kira ga mahukuntan Nijar da su sa baki tun aiki bai ƙare ba: a tanadi taragun dabbobi da wurin lodinsu, da rumbunan ajiye wake da albasa, a kuma daidaita aikin kwastan da na Najeriya, kada jinkirin da ake sha a kan iyaka, a Ɗan Isa da Jibiya, ya koma kan jirgi. Hanyar motar Dakoro zuwa Maraɗi a riƙa kula da ita, a gyara hanyoyin ƙauyuka da damina ke yankewa, domin su ne za su kai kayan manomi da makiyayi bakin tarago. Duk wanda kuma ya zo da alkawarin jirgi, gwamna ne ko ɗan kwangila, a tambaye shi takardar ƙirgen fasinja, a karanta ta a rediyo kowa ya ji.