Tiya Ɗaya Daga Kowane Gida

Jama'ar Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da Guci, da 'yan uwanmu na Magarya, Bande, Waca da Sasumburum: Iyayena maza da mata, maganar 'ya'yanmu ce na zo da ita, da maganar kuɗin karatunsu.

Sakamakon bak, jarrabawar shiga jami'a, yana fitowa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Da rana a yi guɗa a gidan da yaro ya ci, da dare maigida ya kasa runtsawa. Yana lissafin kuɗin mota zuwa Damagaram, da na rajista, da hayar ɗaki idan yaron bai samu gado a masaukin ɗalibai ba, da abinci, da fotokofin darussa. Ranar Alhamis sai a kwance ragon da aka turke tun bara, a ja shi zuwa kasuwar Maigatari, a sayar da naira, a juya ta sefa, mai canji ya ci nasa. Uwa ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta ƙulle garin rogo a leda, ta jera a kwali ta ɗaure da igiya, a ba direba amana. Shekarar farko ke nan. Shekara ta biyu babu rago a turke, sai a jinginar da gona. Kafin ta uku, yaro mai ƙwaƙwalwa irin wadda malamansa ke alfahari da ita ya ajiye littafi ya bi ayarin masu cin rani zuwa Kano, ko ya kama hanyar Agadas. Babu wanda ya kore shi daga jami'a. Yunwa da kunyar sake roƙon ubansa suka fitar da shi.

Na san abin da ake faɗa a majalisa bayan la'asar. Ana cewa: "Waɗanda suka gama ɗin me suka tsinana? Ga mai digiri can yana kabu-kabu a Damagaram, ga ƙanensa da bai wuce firamare ba ya gina ɗaki na siminti da kuɗin awon riɗi." Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma ba zan rufe ta ba. Yajin aiki, yau na malamai gobe na ɗalibai, ya sha sa karatun shekara uku ya ci huɗu ko biyar. Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk wanda ya gama. Da yawa suna ƙarewa a koyarwa ta kwantiragi, albashin ma sai an jira. Uban da ya ga haka ya ja baya, ba za a kira shi jahili ba. Lissafi ya yi, kuma idan aljihunsa kaɗai za a duba, sau da yawa lissafin nasa daidai ne.

To amma mu je asibitin Magarya mu sake lissafin. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa ta sanar wa duniya cewa a ɓangaren yara na wannan asibiti ana rasa kimanin yara goma a kowace rana, saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. 'Ya'yanmu ne, daga garuruwan nan namu aka kai su a kan babur da amalanke. Wanda ya tsaya a kansu, ya nemo jijiya a hannun jaririn da ya bushe, ya san yawan maganin da jikinsa zai ɗauka, a aji ya koyi aikin, shekara da shekaru, kuma wani ne ya biya masa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 350,000 a gundumar Dungas, sama da 570,000 a ta Magarya, kuma tun daga nan ƙaruwa muke yi. Har yaushe jama'a mai wannan yawa za ta zauna tana jiran a turo mata likita daga Yamai, ko daga Faransa, wanda ranar da kwangilarsa ta ƙare zai naɗe kayansa? Matar da naƙuda ta zo mata da gardama da tsakar dare a Dogo-Dogo, ba ta tambayar ko digiri yana kawo kuɗi. Wanda ya iya aikin take nema, kuma da so samu ne mace 'yar uwarta, mai jin harshenta.

Haka abin yake a gona. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun raya gawo a gonakinsu har masana daga ƙasashen duniya suka zo gani da ido, suka rubuta littattafai a kai. Mu muka yi aikin, wasu suka sami digiri da shi. Riɗinmu da wakenmu da gyaɗarmu suna tsallaka iyaka a buhu yadda aka casa su, ribar tacewa da sarrafawa ta zauna a wata ƙasa. A arewacin Damagaram kuma matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Ana bukatar injiniyoyi da masana lissafin kuɗi da masu auna sinadarai a can. Idan ɗan Malawa bai yi karatun ba, gadi da dako ne rabonsa a masana'antar da ke cikin jiharsa.

Saboda haka amsata a fili take: karatun jami'a ya cancanci kuɗinsa. Abin da bai dace ba shi ne a ɗora wa mutum ɗaya nauyin abin da gari duka zai amfana da shi. Likitan da manomi ya sayar da gonarsa ya karantar, ba ubansa kaɗai zai duba ba.

Wadda ta fi kowa alhakin biya ita ce gwamnati, kuma wannan haƙƙi da jini aka kare shi. A shekarun 1980, masu ba ƙasashenmu bashi, Bankin Duniya da Asusun Lamuni, sun matsa a tsuke bakin aljihu, a rage abin da ake kashewa a kan jami'a da alawus ɗin ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a Gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan rana tana cikin abin da ya kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda André Salifou, masanin tarihi haifaffen Damagaram, ya jagoranta. Sunansa jami'ar Damagaram take ɗauke da shi yau. A da, ɗan Dungas sai ya yi tafiyar kilomita sama da 900 zuwa Yamai kafin ya ga ƙofar jami'a. Tun 2010, da aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, ta zo kusa, har da tsangayar koyon aikin likita. Wannan ci gaba ne, mu yaba. Amma gini ba ya ciyar da ɗalibi. Alawus ɗin da hukumar ANAB ke rabawa ba kowa yake samu ba, kuma jinkirin biyansa yana cikin koke-koken da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta fi daɗewa tana yi. Ɗan mai hali zai iya jiran wata uku. Ɗan manomi ba zai iya jiran mako uku ba.

Kada kowa ya ce mana babu kuɗi alhali tun 2024 ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Doka ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur domin ƙananan hukumomin jihohin da ake aikin a cikinsu. Duk abin da ya iso hannun masu tafiyar da ƙananan hukumominmu, ko ta wannan hanya ko ta harajin kasuwa, muna da ikon mu je ofis cikin ladabi mu tambaya: nawa aka ware wa ɗaliban wannan yanki a kasafin bana? Idan babu, a sa. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna da asusun TETFund, wanda ake cire wa kamfanoni wani kaso na ribarsu a zuba a manyan makarantu. Kamfanin da yake neman injiniya ya taimaka a haifar da shi, wannan adalci ne, kuma babu abin da ya hana a yi irinsa a nan.

Wasu za su ce a ba ɗalibai bashi, kamar yadda Nijeriya ta fara a 2024 da hukumar NELFUND. A Amurka an daɗe a kan wannan hanya, bashin da ke wuyan ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, mutum ya yi furfura yana biya. Ban yarda da ita ga yankinmu ba. Yaron da ya fito daga gidan da gona take jingine, idan ka ce masa ya ci bashi ya yi karatun da babu tabbacin aiki a ƙarshensa, tun a ƙofa zai juya. Wanda bashi zai taimaka wa shi ne wanda da ma yake da madogara.

Sauran magana tamu ce, kuma a nan nake roƙon ku saurare ni da kyau. Ba za mu naɗe hannu sai Yamai ta tuna da mu ba. A ƙasar nan ba a taɓa barin mai neman ilimi a wuyan ubansa shi kaɗai ba. Malaman da muke ji da su a yau, da tuwon gidajen da ba su haɗa jini da su ba suka sauke Alƙur'ani. Kowace uwa ta san akushin ɗan makaranta. Abin da kakanninmu suka yi wa mai allo, mu faɗaɗa shi ya kai ga mai koyon tiyata da mai koyon aikin ruwa.

Da kaka, kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta gero ko wake ko riɗi. Gida dubu, tiya dubu, kimanin buhu 25 ke nan. A adana a sito har farashi ya tashi da bazara, a sayar, kuɗin ya zama na ɗaliban garin da suka ci bak kuma iyayensu ba su da hali. Mai garke ya ba da akuya. Alhazanmu na kasuwar Dungas da Magarya, da masu fataucin dabbobi zuwa Maigatari, ku ɗauki ɗalibi ɗaya ɗaya har ya gama, yadda kuke ɗaukar nauyin rufin masallaci. 'Yan uwanmu da ke Kano da Legas da Aljeriya da Makka, waya ɗaya ta isa ku aiko da naku. Malamai, Allah ya gafarta muku, ku yi wa jama'a bayani a kan mumbari game da matsayin ɗalibi matalauci a rabon zakkar hatsi da sadaka, don mutane su bayar da natsuwa.

Na san abin da ke kashe irin wannan asusu: rashin amana da son kai. Don haka tun ranar farko a zaɓi masu riƙo a bainar jama'a, a haɗa da liman da shugaban makaranta da mace daga cikin masu adashe, domin su sun fi mu sanin yadda ake riƙe kuɗin mutane. A riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, da sunan wanda aka ba. Takardar jarrabawa da halin gida su za a duba. Ɗan mai gari da ɗan maƙeri layi ɗaya. Kuma a ware rabi domin 'yan mata. A Nijar, kusan mata uku cikin kowaɗanne huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta jure ta kai ajin ƙarshe na lise daga ƙauye, ta ci bak, ta riga ta haye abin da yawancinmu ba mu haye ba. Idan aure ya zo, a sa ci gaba da karatu cikin sharaɗi tun wajen neman aure, iyaye su faɗa da bakinsu.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda gari ya ciyar, gari yana binsa. Da hutu ku dawo ku koyar da 'yan ajin jarrabawa kyauta. Ku zaɓi karatu kuna kallon abin da yankinku ya rasa: lafiya, noma da kiwo, ruwa, lissafi da kimiyya da makarantunmu ke neman masu koyarwa. Idan aka turo ku aiki Guci ko Dogo-Dogo, kada ku bi ofis-ofis kuna neman a mayar da ku birni. Ranar da albashi ya fara shigowa, ku ɗauki na bayanku.

Sarakunanmu da masu gari, ranku ya daɗe, ku ne kiranku ke tara jama'a. Kafin a ɗaure damin ƙarshe na bana, ku sa a yi shela a taru a ƙofar fada. Shugabannin lise na Dungas da Magarya su zo da sunayen yaran da suka ci bak ba su tafi ba, da na waɗanda suka tafi suka dawo ba su gama ba. A karanta sunayen a gaban kowa, a zaɓi masu riƙon asusu a wurin, a kawo tiya da buhu a fara awo a ranar.