Daga Waya Zuwa Talabijin: Kafin Ka Sayi 'Yar Na'urar Nan

A wannan makon za mu duba wata 'yar na'ura da tsawonta bai fi na ɗan yatsa ba, wadda ake soka wa a bayan talabijin don abin da ke cikin waya ya fito a babban allo. Da yawanku kun gan ta a shagunan kayan waya, an rataye ta kusa da caja da abin saurare na kunne, mai shago kuma yana cewa kowace waya tana ɗauka. Wannan maganar ciniki ce. Na'urorin nan iri-iri ne, kowace da yadda take aiki, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai iya kwashe kuɗin da ya tara na watanni ya sayo abin da zai ƙare a cikin durowa.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Chromecast, ta kamfanin Google da ke Amurka. An fitar da ita a watan Yulin 2013 a kan dala 35, kuma arhar ce ta sa ta karɓu. A lokacin, talabijin mai shiga intanet da kansa yana da tsada, sai ga ɗan abu mai kama da filash wanda zai mayar da talabijin na gida ya riƙa nuna YouTube. Kamfanin Amazon ya fito da tasa, Fire TV Stick, a 2014. Kamfanin Roku ma yana da irin tasa. Masu wayar iPhone kuwa suna da tsarinsu mai suna AirPlay. Sai kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwanninmu, masu ƙaramin farashi da ake shigowa da su daga Sin, irin su AnyCast, waɗanda galibi suke aiki da wani tsari mai suna Miracast da aka ƙaddamar a 2012.

Duk waɗannan sunaye, idan aka tace su, hanyoyi biyu ne na aiki. A nan nake so ku natsu, domin duk sauran bayanin a kan wannan ya rataya.

Ta farko mu kira ta hanyar aike. Ka san yadda Umma take aiken ƙaninka kanti: ba ta bin shi, gaya masa kawai take yi abin da zai sayo da wurin da zai same shi. To haka Chromecast take. Idan ka danna alamar turawa a cikin YouTube, wayarka ba ta aika bidiyon zuwa talabijin. Adireshin bidiyon kawai take ba na'urar, ita kuma na'urar ta shiga intanet da kanta ta ɗauko. Daga nan wayarka ta zama rimot. Za ka iya amsa kira, ka duba saƙo, bidiyon yana ci gaba da tafiya a bango, batirinka ma bai wahala ba. Sharaɗinta shi ne dole na'urar ta samu intanet, kuma ita da wayar su kasance a kan waifai ɗaya. A gidan da babu irin wannan, sai dai a kunna raba data a wata waya, kuma sau da yawa sai an nemo waya ta biyu kafin a gama haɗawa.

Ta biyu hanyar madubi ce, wadda Miracast ke bi. A nan waya da na'ura suna haɗuwa kai tsaye, ba sa buƙatar intanet a tsakaninsu, kuma duk abin da ke fuskar wayar shi zai fito a talabijin. Wannan ita ta fi dacewa da wanda ya riga ya sauke darasi ko fim a wayarsa. Sai dai wayar ce ke ɗauke da nauyin aikin gaba ɗaya, don haka za ta yi zafi, caji zai gudu, wani lokaci hoto ya riƙa tsayawa ko murya ta riga bakin mai magana. A wayoyin Samsung ana samun wannan a ƙarƙashin sunan Smart View, wasu kamfanonin kuma kowa da sunan da ya sa masa, wasu wayoyin ma babu shi sam. Wani abin da ke ba mutane mamaki: idan ka haska manhaja irin Netflix ta wannan hanya a kan na'ura mai arha, kana iya jin murya amma allon ya yi baƙi ƙirin. Na'urar lafiyarta ƙalau. Masu fim ɗin ne suka sa kariya don kada a kwafa.

Yanzu batun data, wanda a ganina shi ne ramin da ɗalibai suka fi faɗawa. A ƙaramin allon waya, bidiyo mai matsakaicin kyau ya wadatar, ido ba ya ganin aibinsa. Amma na'urar da ke bayan talabijin, da zarar ta ga intanet yana da ƙarfi, sai ta zaɓi hoto mafi kyau da za ta iya ɗaukowa. Bisa lissafin da kamfanin Netflix da kansa ya bayar, kallon awa ɗaya da hoto na yau da kullum yana cin kusan giga 1, hoto mai kyau sosai yana iya kaiwa giga 3, mafi girma kuwa da ake kira 4K har giga 7. Ku yi lissafi da kanku, ai kuna yin darasin lissafi. Fim na awa biyu da hoto mai kyau zai iya lashe giga 6. Idan datar Baba ce ta wata guda aka ara, ba sai na gaya muku yadda daren zai ƙare ba. Ƙari a kan haka, na'urar tana cin data ko ba a kallon komai, domin tana sauke hotunan ado da take nunawa a allo, tana kuma sabunta manhajarta. Maganin yana da sauƙi: a shiga saiti a rage girman hoton, kuma a kashe raba data idan an gama.

Akwai kuma batun sirri. Madubi ba ya zaɓen abin da zai nuna. Kana zaune a falo da iyayenka da baƙi ana kallo, sai saƙon WhatsApp ya faɗo, ya fito ɓaro-ɓaro a saman talabijin kowa ya karanta. Haka lambar sirri ta banki da ake turowa ta saƙo, haka hotunan da ke cikin wayar idan ka kuskure ka buɗe su. Kuma ka tuna sirrin ba naka kaɗai ba ne, akwai na abokin da ya turo maka damuwarsa yana zaton kai kaɗai za ka gani. Kafin a haska, a rufe sanarwar saƙonni. Ko hanyar aike ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin duk wanda ke kan waifai ɗaya da na'urar yana iya tura nasa bidiyon ya ture naka. A watan Janairun 2019 wasu masu kutse sun shiga dubban Chromecast na mutane a ƙasashe daban-daban, ta wata ƙofa da aka bari a buɗe a na'urorin rarraba intanet na gidaje, suka sa talabijin ɗin mutane nuna saƙonsu tare da tallan wani fitaccen mai shirye-shirye a YouTube da ake kira PewDiePie. Su dai sun ce gargaɗi suke yi. Amma abin ya nuna cewa duk abin da ke shiga intanet, ana iya shigo masa.

Mafi haɗari su ne ƙananan akwatuna marasa sunan kamfani da ake tallatawa da alƙawarin duk tashoshi da duk wasannin ƙwallo kyauta. A watan Yunin 2025 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin wasu irin waɗannan na'urori, wani lokaci tun kafin a sayar da su. Mai na'urar yana kallonsa hankali kwance, ita kuma tana amfani da intanet ɗinsa a ɓoye wajen ayyukan 'yan damfara. Ni dai shawarata, kada ka shigar da imel ɗinka da kalmar sirrinka a na'urar da ba ka san wanda ya ƙera ta ba.

Su ma na manyan kamfanoni suna da wa'adi. A watan Agustan 2024 Google ya sanar da daina ƙera Chromecast, bayan ya ce ya sayar da fiye da miliyan 100, ya maye gurbinta da wani akwati mafi tsada mai suna Google TV Streamer. Sannan a watan Maris na 2025, masu Chromecast samfuri na biyu, wanda ya fito a 2015, sun wayi gari na'urorinsu sun ƙi aiki a duk duniya, saboda wata shaidar tsaro da ke cikinsu ta cika wa'adinta. Sai da aka yi kwanaki kafin kamfanin ya gyara. Don haka idan wani ya kawo maka tsohuwa ta hannu yana cewa sabuwa fil ce, tambayi samfurinta da shekarar da aka yi ta.

To, da duk wannan, tana da amfani ga ɗalibi? Sosai kuwa, idan an san abin da ake nema. Masu shirin WAEC da NECO da JAMB sun san wahalar mutum biyar su dunƙule kai a kan waya ɗaya suna ƙoƙarin ganin yadda malami ya warware lissafi. Zanen zuciya da hanyoyin jini a darasin halittu, jadawalin sinadarai, taswirar kogin Neja da na Binuwai, duk waɗannan a babban allo suka fi fita. Mutum ɗaya ya sauke darasin sau ɗaya, misali daga Khan Academy da ke koyarwa kyauta, a haska ta hanyar madubi, a tsayar a inda ba a gane ba, kowa ya gwada a littafinsa kafin a ci gaba. Ƙungiyar kimiyya ko ta muhawara a makaranta ma za ta ci moriyarta idan akwai talabijin a ɗakin taro. Gaskiyar da kuka sani ita ce, allon da ya nuna darasi shi ne zai nuna fim mai dogon zango, kuma fim ya fi iya jan mutum. Ƙungiyar karatun da ba ta sa wa kanta lokacin tashi ba, ƙarshenta gidan kallo.

Kafin ka fitar da ko sisi, leƙa bayan talabijin ɗinku ka nemi kafar da aka rubuta HDMI a gefenta. Idan tsohon talabijin ne mai ramuka uku, ja da fari da rawaya, na'urar ba za ta shiga ba sai da wani ɗan akwatin da ke juya siginar, wanda shi ma kuɗi ne, kuma hoton ba zai yi kyau kamar yadda kake zato ba. Idan kuma sabo ne mai shiga intanet da kansa, duba cikin saitinsa tukuna, da yawansu suna karɓar hoto daga waya ba tare da an ƙara musu komai ba. Na'urar tana buƙatar wuta, ko daga kafar USB ta talabijin ko daga kan caja, kuma idan ta riƙa mutuwa tana tashi, yawanci wutar kafar ce ta yi mata kaɗan, sai a gwada kan caja. Akwai kuma igiyar da ke haɗa waya da talabijin kai tsaye, amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta ramin cajinsu, ko da bakin igiyar ya shiga daidai.

Ranar saye, tafi da wayar da za ka riƙa amfani da ita, ka ce a gwada a talabijin ɗin shagon a gabanka, da bidiyon da ke cikin wayarka, na aƙalla minti biyar. Idan mai shago ya ce sai dai ka je gida ka gwada, ku yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunka.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.