Ɗakin Masu Haɗa Manhaja Daban, Naka Daban



Makon jiya wani bawan Allah ya taso tun daga Kurfi har shagona a nan Dutsin-Ma. Rubutun wayarsa ya koma ƙanana kamar ƙwayar gero, madannai sun hau kan juna. Na ce malam me ka taɓa? Ya ce wai bidiyo ya gani a TikTok, an ce a shiga Developer Options a ƙara wata lamba, waya za ta riƙa gudu. Ga kuɗin mota, ga wuni guda ya tafi a banza.

Tun 2012, daga Android 4.2, Google ya ɓoye wannan sashe. Sai ka danna Build Number sau 7 kafin ya fito. Wasu na cewa ai da kuɗina na sayi wayata, don me za a ɓoye min? Ni dai a ganina raba ɗakin nan daidai ne.

Masu haɗa manhaja aka yi wa wurin, don su gwada aikinsu. Akwai maɓallin da ke rufe shafin manhaja da zarar ka fita daga ciki, ka dawo ka tarar abin da kake cikewa ya ɓace. Akwai wanda ke ba kwamfuta damar aika wa wayarka umarni ta kebul, in ka amince wa kwamfutar da ba ka sani ba, ka ba ɓarawo makulli. Wasu manhajojin banki ma ƙin buɗewa suke yi in sun ga sashen a kunne.

Amma fa ban ce a sa kwaɗo ba. Ɗalibin FUDMA mai koyon haɗa manhaja yana buƙatarsa, mu ma masu gyara muna shiga. Danna sau 7 ɗin nan kamar sallama ce a ƙofar zaure: ka san inda za ka kafin ka sa ƙafa.

Don haka in ka kunna shi ba ka san dalili ba, shiga saitin wayarka ka nemo shi, akwai maɓalli can sama, kashe shi. In kuma waya ta yi nauyi, fara da rage bidiyon WhatsApp da suka cika ta.

Allah ya sa mu dace.